Yadda Mai Bi Zai Shirya Kansa Domin Jibin Ubangiji

Idan fasto ya sanar cewa ran Lahadi mai zuwa za a ci Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo domin tunawa da mutuwar Yesu, mai bi yana da mako guda a hannunsa, kuma ya kamata ya fara da karatu domin ya san abin da ƙoƙon yake nufi kafin ya kai shi baki. Ka buɗe Littafin Firistoci sura 16, inda aka bayyana Ranar Kafara. Sau ɗaya a shekara babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki, ɗaki na can ciki a wurin sujadar Isra'ilawa, da jini. Akan kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya a yayyafa jininsa a kan murfin akwatin alkawari, sa'an nan firist ya ɗora hannuwansa a kan na biyun, ya furta laifofin Isra'ilawa duka, a kora shi jeji. Dalilin jinin yana sura 17 aya 11, wato rai yana cikin jini, don haka rai ake bayarwa a madadin rai. Daga nan ka wuce Ibraniyawa sura 9 da 10, inda aka nuna cewa jinin bijimai da awaki, wanda ake maimaitawa kowace shekara, bai iya kawar da zunubi ba, amma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Wanda ya karanta waɗannan zai gane maganar Yesu a Matiyu 26, lokacin da ya ɗauki ƙoƙo a daren Idin Ƙetarewa ya kira shi jininsa na alkawari, wanda ake zubarwa domin gafarar zunuban mutane da yawa.

Bayan karatu sai binciken kai, kamar yadda manzo Bulus ya umurci Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 11. A nan ne yawancinmu muke gaggawa, mu ce Allah ya gafarta mana zunubanmu a dunƙule, mu tashi. Ka nemi wuri shiru, ka kira kowane laifi da sunansa: mudun da ka rage a kasuwa, bashin da kake ɓoye wa mai shi fuska, maganar da ka kai a kan ɗan'uwa bayan taron addu'a. Alkawarin gafara da ke 1 Yahaya 1:9 na wanda ya furta zunubinsa ne.

Mataki mafi wuya shi ne sulhu, kuma a ganina shi ne ya fi bayyana ko mutum ya fahimci jinin. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana game da shi, ya bar baikon a gaban bagade, ya je su shirya tukuna. Idan akwai maƙwabcin da kuka daina gaisawa tun rikicin iyakar gona, kada ka bari sai kun haɗu a ƙofar majami'a. Ka je gidansa ran Asabar da yamma, ka yi sallama, ka zauna a tabarmarsa, ka ce, “Na yi maka laifi, ka gafarta mini,” ba tare da ka jero nasa laifofin ba. Idan akwai abin mayarwa, ka mayar. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa.

Ina roƙon wanda nauyin zunubi yake sa shi zama a kujera ana wucewa da gurasa ya sake tunani, gama saboda masu zunubi aka zubar da jinin, kuma wanda ya tuba ba shi da dalilin guje wa teburin. Wanda yake ƙarƙashin horon ikkilisiya kuwa, ya je wurin fasto da dattawa tun cikin makon. Ran Lahadi ka zo da wuri, ka karɓi gurasa da ƙoƙo cikin natsuwa, ka jira 'yan'uwa idan al'adar ikkilisiyarku ce a ci tare.