Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen auna zafi da ruwa a firaktikal ɗin kemistiri

Yawancin makin da yaranmu ke zubarwa a firaktikal ɗin WAEC da NECO ba a wajen lissafi mai wuya suke zubar da shi ba, tun a wajen karanta lamba da rubuta ta ake yin asarar. Yaro ya haddace fomula tsaf amma lambar da ya zuba a ciki tun farko ba daidai ba ce, to me fomular za ta yi masa?

Mu fara da buret, wato dogon siririn gilashin nan mai lambobi da famfo a ƙasa da ake ɗigo asid da shi, don nan ne matsalar ta fi yawa. Ruwa a cikin siririn gilashi samansa ba ya kwanciya a miƙe, yana ɗan lotsawa a tsakiya, gefe da gefe ya hau jikin gilashin. Ƙasan lotsawar nan ake karantawa, kuma dole idonka ya zo daidai da wajen, ba ka tsaya ƙiƙam kana leƙowa daga sama ba, ka ɗan durƙusa mana. In ka kalla daga sama ko daga ƙasa lambar da za ka gani daban ce da ta gaskiya. Sannan buret sifilinsa a sama yake, lambobin suna ƙaruwa ne kana yin ƙasa, shi ya sa za ka ga ruwa ya tsaya a 23.40 yaro ya rubuta 24.60 saboda ya ƙirgo daga ƙasa kamar yadda ya saba da silinda. Wannan kuskuren yana ba ni takaici sosai don aikin ya yi kyau, karatun ne kawai ya ɓata shi.

Kafin ka fara, ka cire mazurarin da ka zuba asid da shi, in ka bar shi a kai yana ci gaba da ɗiga. Ka buɗe famfon kaɗan iskar da ta maƙale a bakin ta fita. Buret da asid ɗin da za ka zuba ake ɗauraye shi, fifet, wato siririn gilashin ɗiban ruwa daidai awo, da ruwan da za ka ɗiba, amma filas, wato kwalbar da ake taitireshan a ciki (ɗigo asid cikin kishiyarsa bes har su kashe juna), ruwa zalla kawai, in ka ɗauraye shi da bes ka ƙara abin da ba ka auna ba kenan. Ɗigon ƙarshe da ke saura a bakin fifet kuma kar ka hura shi, an riga an yi lissafinsa tun wajen ƙera fifet ɗin, ka taɓa bakin a jikin filas kawai ya isa. Bika kuwa, wato kofin gilashi, ba abin awo ba ne ko da akwai layuka a jikinsa, kimantawa ce kawai.

Sai rubuta lamba. Buret lamba biyu bayan ɗigo ake rubuta masa, 24.50 ba 24.5 ba, balle 24. Sifilin nan yana nuna iya inda kayan aikinka ya gani. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne masu kwafe duk abin da kalkuleta ta fitar, 0.0983657 haka, alhali awon da suka yi bai kai wannan zurfin ba, lambobi uku masu ma'ana, wato ban da sifilan farko, sun wadatar, 0.0984. Kuma don Allah in awonka na biyu da na uku ba su zo kusa da juna ba, ka sake yi, kar ka gyara lamba da biro don ta yi kama da ta maƙwabcinka. Awo uku su zo iri ɗaya ma ba ya nufin daidai ne, in akwai iska a bakin buret ko kana kallo a karkace, duka ukun za su kauce tare.

Maganar zafi kuma, Hausa da kalma ɗaya muke kiran abu biyu a aji, yawan zafin da abu ya ɗauka wanda ake aunawa da jul, da kuma matakin zafi wanda tamomita ke nunawa a digiri. Kofin shayi da tukunyar ruwan wanka za su iya nuna digiri ɗaya amma tukunyar ta ci wuta fiye da kofin nesa ba kusa ba. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kusan jul 4.2 kafin ya hau digiri ɗaya, don haka giram 200 daga 30 zuwa 50 zai zama 200 sau 4.2 sau 20, jul 16,800 kenan. Bambancin ake sawa, wato 20, da yawa 50 suke dannawa.

Wani abin da ake yawan faɗa shi ne wai ruwa dole sai a 100 yake tafasa. A bakin teku ne haka. A Jos da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 wajen digiri 96 yake tafasa saboda nauyin iska ya ragu, don haka in tamomita ta nuna maka ƙasa da 100 kar ka yi saurin cewa ta lalace, ka rubuta abin da ka gani. In ya fara tafasa kuma ko ka ƙara wuta digirin ba zai hau ba, zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi, kusan jul 2,260 a kowane giram, dalilin da ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Tamomita kar ta taɓa gindin bika, ka juya ruwan, ka jira lambar ta tsaya, ka karanta tana ciki ba bayan ka zaro ta ba.

Wanda ya fi haɗari shi ne sirka asid mai ƙarfi. Asid ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan ana juyawa, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid, zafin da ke fitowa yana iya sa ya tafasa nan take ya fantsamo maka a fuska. Haka itanol, a digiri 78 yake tafasa kuma yana kama wuta da sauri, a cikin ruwan zafi ake ɗumama shi, ba a kan harshen wuta kai tsaye ba.