Yadda ake haɗa ƙaramar motar tsere da robar tiyo

Fara da awo. A ma'aunin 1/24, kowane tsayi na motar gaske sai a raba shi 24. Motar Formula 1 ta shekarar 2022 faɗinta mita 2 ne, wato santimita 8.3 a taka. Tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 15, tsayin taya kuma santimita 3, kusan girman murfin gorar ruwa. Zana wannan a kwali tukuna.

Roba mafi dacewa ita ce tiyon PVC mara kauri, wanda masu kayan famfo ke sayarwa a babbar kasuwar Maradi. Tsaga shi a tsaye, ka tsoma a tafasasshen ruwa har ya yi laushi, sannan ka danne tsakanin katako biyu ya huce. Kada ka gasa shi a garwashi: yana ƙonewa, hayaƙinsa kuma guba ne. Robar jarka kuwa ka bar ta, gam ba ya kama ta.

Yanke ƙasan motar farko, sai gefuna, hanci da fukafukai (falayen da ke kwance a gaba da bayan motar tsere) daga baya. Kankare baki da takardar goge kafin ka sa gam ɗin tiyo, ɗan kaɗan, don idan ya yi yawa yakan narka robar ta lotsa. Sifokin keke cikin bututun biro shi ne sandar taya. Murfin gorar ruwa shi ne taya; ramin da ka huda masa in ya kauce daga tsakiya ko kaɗan, motar za ta riƙa ɗingishi.

Fenti shafa biyu siriri, a inuwa. Lokacin hunturu ka kifa roba a kai har ya bushe, saboda ƙura.