Yadda Na Gyara Matsalar Sitiyarin Injin Kwalekwalena

Ƙaramin injin batir da nake lallaɓa kwalekwale da shi a dam ɗin Kangimi sitiyarin lantarki gare shi. In na danna rimot sai ya yi jinkiri kafin ya juya, ga kututture a gabana. Sau biyu farfela tana cin itace. Na zargi batirin mai volt 12, na kankare kawunansa, amma jinkirin yana nan.

Sai na koma inji mai sitiyarin kebul, wato wayar ƙarfe da ta haɗa feda da kan injin. Da na taka feda kebul ɗin ke jan kan injin nan take, hannuwana suna kan taru. Ƙafa kam tana gajiya. Da kebul ɗin ya yi tauri, bakanike a kasuwar Panteka ya zare shi, ya shafa giris, ya mayar.