Maɓallin Sport a motar gudu: me yake canzawa, kuma yaya ake aiki da shi

A mafi yawan motocin gudu, danna Sport ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya, kuma ba ya ƙara wa taya riƙon kwalta. Abin da yake canzawa shi ne yadda motar ke amsa umarnin ƙafarka da hannunka. Idan kuma ka ci gaba da murɗawa zuwa Sport Plus, Track ko Race, sai ya fara sassauta wa na'urar da ke tare motar idan ta zame. Shi ya sa ya kamata ka san kowane sashe da maɓallin ke taɓawa kafin ka kai hannu gare shi.

Kowane kamfani da irin sunan da ya ba abin. Ferrari tana da ɗan mamurɗi a kan sitiyari mai suna manettino, wanda ta fara sakawa a F430 a 2004. Porsche tana ba da nata a cikin tsarin Sport Chrono. BMW M tana da maɓallai biyu, M1 da M2, da direba ke ajiye saitinsa a ciki. Corvette C8 tana da Weather, Tour, Sport da Track. Sunaye ne kawai suka bambanta, amma sassan da ake taɓawa kusan iri ɗaya ne.

Totur da giya

Motocin yanzu ba su da wayar ƙarfe mai ja tsakanin totur da inji. Sensa ce ke auna yawan takun da ka yi, ta aika wa kwamfutar mota, ita kuma ta yanke yawan iska da fetur da za a bai wa inji. A Normal, idan ka taka kashi ɗaya cikin uku, kwamfuta na ba ka ƙarfi kaɗan don motar ta tashi cikin natsuwa. A Sport, wannan takun dai zai iya ba ka abin da da sai ka kai rabi kafin ka samu. To amma idan ka take totur har ƙasa, ƙarfin da ke fitowa ɗaya ne a duka biyun. Akwai 'yan motocin da suka fita daga wannan ƙa'ida. BMW M5 ta 2005, mai injin V10, tana tashi da ƙarfin doki 400, sai ka danna maɓallin Power ta saki 507. Porsche kuma tana da maɓallin Sport Response a tsakiyar mamurɗin da ke kan sitiyarinta, wanda ke shirya inji da giya su ba da iyakar amsawarsu na daƙiƙa 20, sannan motar ta koma yadda take.

Illar totur mai kaifi tana bayyana ne a fitowa daga kwana. A motar da tayoyin baya ke turawa, ɗan ƙarin taku da ba ka yi niyya ba ya isa ya sa tayoyin su juya a banza, baya ya fara lanƙwasowa. A cunkoso kuwa motar takan yi ta fizga. Direbobi da dama da suka ƙware a filin tsere sun fi son totur mai amsawa daidai da taku, don sun fi iya auna ƙarfin da shi.

Giya mai canza kanta ita ce inda za ka fi jin bambanci. A Normal tana saurin hawa giya ta sama don inji ya zauna ƙasa da juyi 2,000 a minti, fetur ya yi auki. A Sport tana riƙe kowace giya, ta bar inji a wajen juyi 3,000 zuwa 4,000, inda turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ke cike da iska kuma babu jinkiri idan ka taka. Idan ka taka birki kafin kwana, tana sauko da giya da kanta, ta ɗan ɗaga juyin inji don kada tayoyin baya su fizga. Ko a giyar hannu ana samun wannan ɗaga juyin; Nissan 370Z ce ta fara zuwa da shi. Kuɗin da kake biya shi ne shan mai da zafi. Tafiya mai nisa a kan miƙaƙƙen titi a Sport Plus ba ta ƙara maka komai, sai dai ta hana motar shiga giyarta ta ƙarshe.

Shokazoba

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sifirin ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne taurin shokazoba, wato saurin da take barin motar ta lotsa ko ta karkata. Iri biyu ne. Akwai mai ɗan bawul na lantarki da ke matse hanyar mai a ciki, kamar PASM na Porsche. Akwai kuma mai ruwan da aka cakuɗa da garin ƙarfe, wanda ke yin kauri idan aka ba shi maganaɗisu. An fara saka irin wannan a Cadillac a 2002, daga baya Corvette da Ferrari suka ɗauka.

A kan kwalta mai sumul, shokazoba mai tauri tana hana motar yawan rangaji, sitiyari ya fi saurin amsawa. A kan titi mai gargada da faci kuwa, akasin haka ake samu. Taya takan yi tsalle maimakon ta bi ƙasa, kuma duk lokacin da take sama ba ta riƙe komai ba. ABS, tsarin da ke hana taya kullewa idan aka taka birki, sai ya fara aiki da wuri, tazarar tsayawa ta ƙaru, a kwana kuma motar ta dinga gocewa gefe kaɗan-kaɗan. Ga kuma rim da ke lanƙwashewa da taya da ke kumbura a gefe idan aka faɗa rami, domin tayoyin motar gudu gajerun kafaɗa gare su. Ferrari da kanta ta saka maɓalli na daban da ke sassauta shokazoba a titi mai gargada ko da kana cikin Race. A yawancin titunanmu, shokazoba mai laushi ta fi riƙe hanya.

Idan motarka ba ta zo da shokazoba mai canzawa ba, Sport ba ya taɓa wannan sashe ko kaɗan. Leƙa saman shokazoba ko gefenta: idan babu wayar lantarki da ta shiga, ta gargajiya ce. Mai sayen tokumbo ya duba wannan da kyau, don akan cire ta asali saboda tsada, a saka ta gargajiya, a liƙa wata 'yar na'ura da ke hana fitilar gargaɗi kamawa.

Sitiyari ba shi da dogon bayani. Ana rage taimakon da lantarki ke ba shi ne, sai ya yi nauyi a hannu. A mafi yawan motoci kwanar da taya ke yi ba ta canza ba. Ƙara ma haka: wani murfi ne ke buɗewa a cikin salansa, wasu motocin kuma ta lasifika suke ƙaro sautin a ciki.

Na'urar hana zamewa

Wannan shi ne sashen da rai ya rataya a kansa. BMW na kiranta DSC, Porsche PSM, Mercedes ESP, kuma Mercedes da Bosch ne suka fara fito da ita a 1995. Tana kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar ke juyawa a zahiri, tana kuma duba gudun kowace taya. Idan gaba ya ƙi shiga kwana ya miƙe, sai ta kama birkin tayar baya ta ciki don hancin ya juyo. Idan baya ne ya ɓalle, sai ta kama tayar gaba ta waje, ta kuma rage ƙarfin inji. Babu direban da zai iya taka birkin taya ɗaya ita kaɗai.

Mataki uku gare ta: a kunne gaba ɗaya, a sassauce, da a kashe. A sassauce tana barin baya ya ɗan zame kafin ta sa baki. Shi ne MDM a BMW M, PSM Sport a Porsche. Yawanci dannawa sau ɗaya na kai ka nan, riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu kuma ya kashe ta ɗungurungum. Abin lura shi ne wasu motocin suna sassauta ta da kansu ba tare da ka taɓa maɓallinta ba: Sport+ a BMW na gama-gari yana yin haka, Track a Mustang ma haka. Don haka duk lokacin da ka canza yanayi, kalli allon gabanka. Fitila mai ruwan ɗorawa mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa, idan tana ƙiftawa to na'urar na aiki a lokacin. Idan ta tsaya a kunne da rubutun OFF, to an sassauta ta ko an kashe. A titin jama'a, bar ta a kunne gaba ɗaya. A gudun kilomita 100 a awa, motar na cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma ninka gudu sau biyu na ninka tazarar tsayawa sau huɗu. Wasu motocin suna da matakai fiye da uku: biyar na PTM, tsarin riƙon taya na Corvette, da tara na Mercedes AMG GT R, amma don filin tsere aka yi su, inda direba ke ragewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka danna

Fara da taya. Auna iska da safe kafin a tuƙa motar, da geji, bisa adadin da ke jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba. Kada a ƙiyasta da bugun ƙafa. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ɗaga iskar da kusan 0.1 bar (bar ma'aunin matsin iska ne), don haka tayar da aka cika fiye da kima da safe za ta zauna a kan tsakiyarta da rana, riƙonta ya ragu. Duba lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tayar da ta haura shekara shida robarta ta fara bushewa ko da zanenta na nan.

Sannan jira baƙin mai ya yi zafi. Gejin ruwa yana riga mai kaiwa daidai, saboda haka kada ka dogara da shi. Bari mai ya kai kusan digiri 80 kafin ka bar inji ya haura juyi 3,000 ko 4,000. Mai sanyi ba ya isa turbo da sauran sassa da wuri.

Duba cikin murfin tanki ka ga lambar okten, wato ajin fetur, da injin ke so, galibi 95 ko 98. Idan fetur ɗin bai kai ba, sensar da ke jin ƙwanƙwasar inji za ta sa kwamfuta ta jinkirta wutar filogi, ƙarfi ya ragu, musamman da tsakar rana a watan Afrilu. Idan kana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani sa'ad da ka taka, ɗaga ƙafa ka koma Normal.

Man birki na shan danshi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa zai iya tafasa a 155. A canza shi duk shekara biyu. Idan birki ya yi laushi yana nutsewa, mai ne ya tafasa. Idan yana da tauri amma motar ba ta tsayawa, ga ƙauri na tashi, fad ne, wato abin da ke matse faifan birki, ya ɗau zafi.

Haɗa naka saitin

Kusan duk motocin nan suna da yanayin da direba ke haɗawa da kansa, mai suna Individual, MyMode ko M1. Don tuƙin titi, saka inji da giya a Sport, shokazoba a Comfort, sitiyari yadda hannunka ya fi so, na'urar hana zamewa a kunne. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda a kan hanyar da ka sani, don ka gane wane sashe ne ya kawo wane bambanci. Kada ka canza yanayi kana tsakiyar kwana ko kana shan gaban wata mota, domin giya na iya saukowa nan take. Yawancin motoci suna komawa Normal da zarar an kashe su an sake tayarwa.

Idan ruwa ya sauko, koma Wet, Weather ko Normal. Ruwan farkon damina ya fi kowanne santsi, don yana kwaɓa ƙurar rani da man da ya ɗiga a kwalta wata da watanni. Porsche 911 ta 2019 har sensa gare ta a mazaunin tayoyin gaba da ke jin fantsamar ruwa, ta shawarci direba ya shiga Wet. Yashin da iska ke sharowa gefen titi ma haka ake bi da shi.

Tsarin tashi da cikakken ƙarfi daga tsaye, a PDK misali, giyar Porsche mai canza kanta, ana yin sa ne a Sport Plus: ƙafar hagu ta danne birki sosai, ta dama ta take totur har ƙasa, inji ya tsaya a juyin da kwamfuta ta zaɓa, sai a saki birki cikin 'yan daƙiƙu. Ana buƙatar mai ya yi zafi, sitiyari a miƙe, busasshiyar kwalta, da fili rufaffe da babu mutane. Maimaita shi a jere yana dafa kuloci da man giya, kuma motoci da yawa suna ƙin yarda har sai sun huce.

Bayan tuƙi mai zafi, yi tafiyar minti biyar a hankali ba tare da yawan taka birki ba, don turbo da faifan birki su sha iska. Idan ka tsaya, kada ka danne birki na dogon lokaci ko ka ja birkin hannu nan take. Fad mai zafi yana barin tabo a faifai, daga baya ka ji sitiyari na kakkarwa duk lokacin da ka taka birki.

Idan Sport ya ƙi shiga ko ya fita da kansa, kwamfuta ce ta ga matsala. Abubuwan da aka fi samu su ne batir mai rauni, sensar gudun taya da ta yi datti ko wayarta ta tsinke, sensar sitiyari da ba a sake saitawa ba bayan an daidaita ƙafafun mota, ko tayoyin gaba da na baya da girmansu ya saɓa wa abin da kamfani ya rubuta. A sa na'urar bincike a karanta lambar matsalar kafin a sayi ko da kaya ɗaya.