Kafin ki nemi aikin jin daɗin jama'a a Ingila

Duk zuwan da zan yi gida Katsina sai an samu mai jana gefe. Wannan karon ɗiyar maƙwabtanmu ce a Ƙofar Marusa. Ta gama digirin nazarin zamantakewa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, za ta bi mijinta Ingila. Ta ce, "Anti, wai ta ina ake shiga aikin nan naki?" Abin da na faɗa mata ne zan maimaita wa duk wata mai wannan niyya.

Aiki biyu ne mutanenmu suke haɗawa. Akwai mai kula da tsoho ko naƙasasshe: wanka, abinci, magani. Akwai kuma ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wato social worker, aikin da nake yi, galibi a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Ita ke zuwa ta auna buƙatar mutum bisa dokar Care Act ta 2014, ta tsara taimakon da zai samu, ta shiga bincike in ana zargin ana cutar da shi ko ana cinye masa kuɗi. Wannan suna doka ta kare shi, laifi ne ki kira kanki da shi ba tare da rajista da Social Work England ba, hukumar da ta karɓi ragamar yi wa masu wannan aiki rajista a Disamba 2019.

Digirin nazarin zamantakewa ba ya ba ki rajista. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ki ƙara digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a, shekara 2, da kwana 200 na koyon aiki. Za a binciki tarihinki ta DBS, hukumar da ke duba ko an taɓa samun mutum da laifi, kuma kowace shekara ki sabunta rajista kafin ƙarshen Nuwamba. Da yawanmu da kula da tsofaffi muka fara kafin karatun ya samu, kuma ban taɓa nadamar hakan ba. Ki kuma koyi tuƙi da wuri, don aikin yawo ne gida-gida.

Takardu dai ana gama su. Abin da ya ba ni wuya shi ne sauke tarbiyyar gida a bakin ƙofa. Mu a Katsina in tsoho ya gaza, 'ya'ya ke zama a zaure su yanke, a zo a ce, "Baba, ga abin da aka tsayar." A can dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta ce a ɗauka babba yana da hankalin yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓinsa ya zama na ganganci bai isa hujja ba.

A shekarata ta farko aka ba ni wani dattijo da ya faɗi sau biyu a matakala. Gidan sanyi ƙalau, firij babu komai sai madara da rabin burodi. Ya ce ba ya zuwa gidan tsofaffi, a nan matarsa ta rasu. Ina fita na ciro waya zan kira ɗiyarsa, don a ganina wannan maganar iyali ce. Allah ya sa na fara kiran shugabata. Ta ce, "Ya ba ki izini?" Na yi tsit. Ashe ko gaisuwa ba ya so a kai wa ɗiyar.

Washegari na koma, na zauna, na tambaye shi me yake so. Muka sauko da gadonsa falo, aka kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka ba shi maɓallin kiran agaji ya rataya a wuya, mai kula tana leƙo shi safe da yamma. Da zan tafi na rusuna kamar yadda na saba yi wa manya. Ya dube ni ya ce ko na yar da wani abu ne.