P0135 ta fito a kwamfuta: kurakuran da ke sa a sayi sensa a banza

Fitilar injin ta kama a dashbod, an jona kwamfutar gwajin mota, sai ga lambar matsala P0135. Abin da ya fi yawa shi ne mai mota ya wuce kasuwar kayan gyara kai tsaye ya sayo sensar oksijin. Nan ne kuskure mafi tsada yake.

Ita wannan sensa tana ɗaure a jikin salansa, tana auna iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, kwamfutar mota kuma ta daidaita mai da abin da ta gaya mata. Amma ba ta aiki sai ta kai zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Celsius, shi ya sa aka sa mata ɗan hita a ciki don ta yi ɗumi da wuri. Lambar P0135 kan layin wutar wannan hita take magana: hitar kanta, fis, rile, waya da soket. Ba ta ce sensa ta mutu ba.

Don haka a fara da fis. Idan kuma lambobi biyu suka fito tare, misali P0135 da P0141 (ta hitar wata sensar), da wuya a ce sensa biyu sun mutu rana ɗaya. A mota da yawa fis ɗaya ke ba su wuta. Wanda ya tarar fis ya ƙone kada ya cusa waya a wurin, domin akwai abin da ya ƙona shi, sau da yawa wayar da ta taɓa salansa ta narke. Bayan fis sai a zare soket, a duba tsatsa ko ruwan wankin injin. A sensa mai waya huɗu, biyun da suke launi ɗaya su ne na hita: farare a ƙirar kamfanin Bosch, baƙaƙe a ta Denso. A ɗora mitar gwajin wuta a kansu bayan injin ya huce. Lafiyayyar hita takan nuna 'yan om kaɗan (ma'aunin turjiyar wuta), gwargwadon motar. Idan mita ba ta nuna komai ba, hita ta tsinke, a nan sayen sabuwa ya halatta. Idan ta nuna daidai, a juya ɗaya ɓangaren soket ɗin a ga ko wutar batir, bolt 12, tana isowa. Aikin minti kaɗan ne ga rewaya da ya san hannunsa.

Sai masu canza sensar da ba ita ke da laifi ba. P0135 ta gaban katalis ce, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, P0141 ta bayansa. A injin V6 kuma akwai ɓangare biyu: na farko shi ne inda silinda ta 1 take, na biyun lambobinsa P0155 da P0161. An sha cire lafiyayya a bar mara lafiya.

Wanke sensa da fetur ba ya haɗa hitar da ta tsinke. Cire kan batir ma goge lambar kawai yake yi, ta dawo bayan an tayar da mota sau ɗaya ko biyu.

Wajen saye, a tafi da lambar da ke jikin tsohuwar. Toyota da Honda da yawa suna amfani da wata irin sensa ta daban a gaba, wadda ke auna haɗin iska da mai, kuma ta baya ba ta aiki a wurinta ko da zaren ɗaurin ya hau. Ni ban ga ribar ta gwanjo ba, tunda hitarta ma ta sha aiki. Wadda ake yankewa a haɗa waya kuwa, a matse da abin haɗin da ta zo da shi, ban da dalma.

Motar za ta ci gaba da tafiya da wannan lambar, sai dai takan ƙara shan mai, musamman da safe da kuma a cunkoso inda salansa ba ta yin zafi sosai. Kuma muddin fitilar tana kunne, wata matsalar in ta zo ba za a lura ba.