Yadda za ki koya wa yaro ƙirga da murafan kwalba

Yaro ɗan shekara 3 ko 4 kan rera "ɗaya, biyu, uku" har goma, alhali bai san yawan uku ba. Wannan wasan ne ke haɗa masa kalmar da adadin.

1. Ki tara murafan kwalba guda 5. Idan da ƙaninsa mai rarrafe a kusa, ki sa ido, komai baki yake kaiwa.

2. Ku zauna kan tabarma, ki jera su, ya riƙa taɓa kowanne yana faɗin lambarsa. Nan aikin yake. Yara kan tsallake ɗaya ko su maimaita, don haka wanda ya ƙirga ya tura shi gefe. Da ya gama ki ce, "To, nawa ne duka?" Idan ya koma farko yana sake ƙirgawa, bai gane tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba. Kada ki matsa masa, gobe ma rana ce.

3. Ki zana 1 zuwa 5 a ƙasa da tsinke, ki ƙaro murafai, ya ɗora wa kowace lamba nata.

4. Lokacin cin tuwo ki aike shi: "Kawo mana cokali uku."